Kamfani zai ɗauki nauyin 'yan sikawut ɗina, amma da sharaɗi

Assalamu alaikum Kawu. Ni malami ne a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo, kuma ni ke riƙe da 'yan sikawut ɗin makarantar yau shekara shida kenan. Yara 46 gare ni amma masu cikakken yunifom ba su kai 15 ba, tantinmu guda ɗaya ne shi ma ya yage. Duk fitar da za mu yi daga albashina ne, har maiɗakina ta fara magana, kuma ban ga laifinta ba. To akwai abokina tun na firamare, yanzu shi ne jami'in talla na wani kamfanin lemon ƙarin kuzari, ya ce kamfaninsu zai ba mu naira miliyan 1 mu ɗinka yunifom, mu sayi tantuna, mu je sansani a hutun Disamba. Sharaɗin shi ne a buga tambarin lemon a bayan rigar yunifom, yara su riƙa fita duk Asabar suna raba lemon na ɗanɗano a kasuwa da gidajen kallon ƙwallo, a ɗauki hotunansu a sa a shafukan kamfanin, sannan in ba su sunayen yaran da lambobin wayar iyayensu. Kuɗin ta akawun ɗina za a turo, amma takardar da zan sa wa hannu miliyan 1 da rabi za a rubuta, wai haka ake yi. Na riga na yi suɓul da baka na faɗa wa yaran za mu je sansani, suna ta murna. Firinsifal bai sani ba tukuna. Wallahi zuciyata ta ƙi kwanciya, amma in na ƙi ban san da wane ido zan kalli yaran nan ba. Ya zan yi?

Wa alaikumussalam Malam. Da farko Allah ya saka maka da alheri, shekara shida mutum yana fitar da yaran mutane fareti da kuɗin aljihunsa ba ƙaramin abu ba ne, kuma na san irin gajiyar da ke sa mutum in ya ji an ambaci miliyan 1 sai numfashinsa ya sauka. Amma kar ka sa hannu. A yadda tayin nan yake yanzu kar ka karɓa, ko kwabo kar ka bari a turo maka da sunan kafin alƙalami, domin da zarar alat ya shigo wayarka magana ta canza, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Bari in fara da takardar, tunda ita ce ba ta buƙatar dogon bayani. Za ka karɓi miliyan 1 ka sa hannu a kan miliyan 1 da rabi, to wannan dubu 500 ɗin da ke tsakani sunanta sata, kuma a duk faɗin takardar nan sunan mutum ɗaya ne zai tabbatar an karɓa, naka. Abokinka ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe, ana iya sallamarsa, amma takarda tana nan a fayil, ranar da masu binciken kuɗin kamfanin suka zo makaranta suna tambayar ina tantunan miliyan 1 da rabi, kai za a kira ofishin firinsifal, kai ma'aikacin gwamnati, kai da yara ke kira Malam. Kuma ko da kuɗin tsaf suke babu ƙari babu ragi, ban yarda su bi ta akawun ɗinka ba. Na taɓa ganin wani bawan Allah a unguwarmu, ma'ajin wata ƙungiyar matasa, mutum ne mai amana wallahi, aka turo gudummawa ta asusunsa, ɗansa ya kwanta asibiti ya taɓa kaɗan da niyyar zai mayar ƙarshen wata, ya kuwa mayar, amma har yau in an zo maganar kuɗi a unguwar sai ka ga ana kauce wa sunansa. Kuɗin jama'a in sun haɗu da na cefane a wuri ɗaya ba a iya raba su a idon mutane, ko da kai ka raba su a zuciyarka.

Yanzu abin da na fi so ka zauna ka yi tunani a kai, me kamfanin nan yake saye da miliyan ɗayansa? Ka tambayi kanka me ya hana su ɗauki samari 46 a tasha su ba su riguna su raba lemon, ai sun fi sauƙin samu kuma babu ruwansu da firinsifal. Abin da suke so kakin nan ne. In yaro ya sa yunifom ɗin sikawut da ƙyallen wuyansa da usur, dattijo yana sakin jiki da shi, uwa tana barin ɗanta ya bi shi, a filin idi mutane suna bin layin da ya nuna musu ba gardama, domin an saba ganin masu wannan kaya wajen taimako ne, tsallakar da tsoho titi, ɗaukar wanda ya faɗi, tsare hanya ranar jana'iza. Wannan yardar ba kai ka tara ta ba Malam, sikawut ya shigo Najeriya tun 1915, sama da shekara ɗari mutane suna zuba gumi a cikin kakin nan kafin ya iso hannunka, shi ya sa ba ka da hurumin jinginar da shi kai kaɗai. Yunifom ɗin ma na Ƙungiyar Sikawut ta Najeriya ne, tana da ƙa'idar abin da ake liƙa masa da inda ake liƙawa, ba malamin rukuni ke yanke wannan ba, kwamishinan sikawut na yankinku shi ne mutumin da ya kamata ya fara jin maganar.

Shi kuwa raba lemo ranar Asabar, mu kira shi da sunansa, talla ce. Mun shekara nawa muna roƙon iyaye su sauke wa yara farantin talla su bar su su yi karatu, sai kuma a ga malamin makaranta da kansa ya jera su a kasuwa, bambancin kawai nasu farantin na kamfani ne kuma ba a biyansu. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta yi magana ƙarara a kan amfani da yaro wajen talla a manyan titunan gari, amma ni ko dokar ba ta faɗa ba, gidan kallon ƙwallo fa aka ce. Kai ka san su wa ke zama a wurin da irin maganganun da ake yi da masu cacar ƙwallo a waya da hayaƙi, ka kai ɗan shekara 13 can da sunan sikawut, in wani abu ya same shi me za ka ce wa babansa? Sannan shi kansa lemon. Irin wannan lemon na ƙarin kuzari ƙaramin gwangwaninsa yakan ɗauki kafeyin, wato sinadarin da ke cikin kofi, kimanin miligiram 80, kusan kofin kofi guda kenan, ga sukari, yana hana yaro barci yana sa masa bugun zuciya, shi ya sa tun 2018 manyan kantunan Ingila suka daina sayar da shi ga 'yan ƙasa da shekara 16. Yaranka kuma in suna rabawa za su sha, wannan ba sai an yi musu ba, yaro ba zai wuni da katan ɗin lemo a hannu ya koma gida bai buɗe ko ɗaya ba.

Lambobin wayar iyaye kuwa amana ce suka ba makaranta saboda in yaro ya yi rashin lafiya a kira su. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ce bayanan yaro sai da yardar iyayensa ko mai riƙonsa, hoto ma haka za ka ɗauke shi. Wannan ka rufe ƙofarsa gaba ɗaya.

Kar ka ɗauka ina cewa kuɗin kamfani haramun ne ga sikawut, a'a sam. Tun farkon farawa da kuɗin ɗan kasuwa aka tashi. Lokacin da Baden-Powell ya kafa harkar a Ingila wani mai kamfanin buga jaridu da mujallu, Arthur Pearson, shi ya ba da ofis da kuɗin somawa, shi kuma ya samu mujallar 'yan sikawut yana bugawa yana sayarwa, ka ga kowa da abin da ya samu, amma ba a daɗe ba ƙungiyar ta buɗe nata ofishin ta tsaya da ƙafarta, zuwa 1912 ta samu takardar amincewar masarauta da sunanta. Har yanzu a can kamfanoni suna ɗaukar nauyin baji-baji, misali Rolls-Royce ya daɗe yana ɗaukar nauyin bajin kimiyya na ƙananan 'yan sikawut, ana shirya wa yara gwaje-gwajen da za su yi su ci bajin. Ka lura da yadda abin yake, kamfanin ne ya shigo cikin aikin yaran ya taimaka, ba yaran aka ɗebo aka kai cikin aikin kamfani ba, kuma da uwar ƙungiya ake ƙulla yarjejeniyar a rubuce. Akwai kuma shirin Messengers of Peace, wato jakadun zaman lafiya, da aka ƙaddamar a 2011 da goyon bayan marigayi Sarki Abdullah na Saudiyya da Sarki Carl Gustaf na Suwidin, yana tallafa wa ayyukan al'umma da 'yan sikawut ke yi, amma ta hannun ƙungiyoyin ƙasa ake bi, wanda wannan ma dalili ne da zai sa ka tabbatar rukuninka yana da rajista kuma kwamishina ya san da zamanku.

Wani abu kuma da nake tsorata maka shi ne jingina da bango ɗaya. Dubi 'yan sikawut na Amurka da duk girmansu da kuɗinsu. A 2012 manyan kamfanoni irin su Intel da UPS suka dakatar da tallafin da suke ba su saboda saɓani a kan dokar ƙungiyar ta lokacin da ta hana 'yan luwaɗi shiga, daga baya ƙungiyar ta canza dokokinta, sannan cocin Mormon da ta fi shekara 100 tana tare da su, tun 1913, ta raba gari da su a ƙarshen 2019 ta tafi da yara wajen 400,000 a lokaci guda. Mai ba ka kuɗi yana zuwa da ra'ayinsa, in ya fi kowa ba ka to muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi, ranar da ya juya baya kuma ramin da zai bari daidai girman abin da yake bayarwa ne. Kai ka ɗauka kamfanin lemon nan ya ba ku bana, baɗi aka canza manaja ko aka ce kasuwa ta faɗi, iyaye sun riga sun saba ba a neman komai a wurinsu, tsofaffin ɗalibai sun ji an ce kuna da mai ɗaukar nauyi, ga riguna 46 da tambarin kamfanin da ya manta da ku a bayansu.

To me za ka yi? Gobe-goben nan ka shiga ofishin firinsifal ka faɗa masa komai, har da maganar miliyan 1 da rabi, gara ya ji daga bakinka da ya ji a gari. Ba sai ka faɗi sunan abokinka ba in kana son rufa masa asiri. Daga nan ku sanar da kwamishinan sikawut. Shi kuma abokinka ka same shi ku biyu, ba a waya ba, kuma ba da faɗa ba, domin wataƙila shi ma haka ya tarar ana yi kuma a ransa yana ganin taimakonka yake. Ka ce masa, wane, na gode da ka tuna da ni, amma ni ma'aikaci ne ba zan iya sa hannu a abin da ban karɓa ba, yaran nan kuma amana ne ba zan fitar da su talla ba, in kamfaninku na son taimaka mana da gaske ya rubuto wa makaranta takarda da hatiminsa, ya saya mana tantuna ko tukwane ko akwatin agajin gaggawa ya kawo da kansa, mu kuma mu rubuta takardar godiya, mu ambaci sunansa ranar taron iyaye. Iyakar abin da za ka iya bayarwa kenan, kuma da irin wannan lemon ni ko allon talla a sansanin yara ba zan yarda a kafa ba. In sun karɓa alhamdulillahi, in ya ce ai in babu tambari da rabon lemo babu kuɗi, to ka san dama ba taimako aka zo yi ba. Zai iya yin fushi na kwana biyu, ka ci gaba da gaishe shi, ka je masa suna da biki kamar da.

Sai ka dawo kan lissafi, ka ajiye miliyan ɗayan nan gefe ka rubuta ainihin abin da kuke buƙata ɗaya bayan ɗaya, za ka ga yawancinsu ba sai da tsabar kuɗi ba. Mutanenmu in ka ce su ba ka kuɗi sai su yi nauyi, amma ka je wa mai injin casar shinkafa ka ce yara 46 za su kwana biyu a sansani muna neman buhu ɗaya, zai ba ka yana jin daɗi. Mai gidan fiya wata zai ba da ruwa, shugaban 'yan yuniyon na tasha zai iya ba da mota ku zuba mai, dila a kasuwa ya ba da bandir ɗin yadin kaki a farashin sari, a cikin iyayen yaran nan da wuya a rasa tela ko biyu da za su ɗinka a rabin kuɗi, mai gidan burodi, mai kemis, mai hayar kanofi da kujeru. Waɗannan su ma 'yan kasuwa ne, ɗaukar nauyi ne suke yi, amma mutum goma ne ba ɗaya ba, 'ya'yansu da na maƙwabtansu ne a rukunin, kuma babu wanda zai ce a buga sunansa a bayan yaro. Ka nemi tsofaffin ɗaliban makarantar musamman waɗanda suka yi sikawut, ka gayyace su faretin 27 ga Mayu ko na 1 ga Oktoba su zo su gani da idonsu, mutumin da ya taɓa ɗaura ƙyallen nan a wuya in ya ga yaro yana maci da silifa ba sai ka yi dogon roƙo ba.

Amma kafin ka karɓi ko da mudun gero, a kafa kwamiti. Mutum uku sun isa, kai da wakilin firinsifal da uba ko uwa ɗaya daga ƙungiyar iyaye da malamai, kuɗi su shiga asusun da ba mutum ɗaya ke iya cirewa ba, a sayi littafi mai bango a riƙa rubuta shiga da fita, kowane abu da rasit, ƙarshen zango a karanta wa iyaye a kuma liƙa a allon sanarwa. Wanda ya ba da buhun shinkafa ya ga an rubuta an karanta a gaban jama'a, baɗi da kansa zai tambaye ka yaushe ne sansani.

Su ma yaran su sa hannu, ai tattali yana cikin dokokin sikawut. A Ingila daga 1949 suna da mako guda a shekara da suke kira Bob-a-Job, yara su yi wa mutane ƙananan ayyuka, wankin mota, share lambu, goge takalmi, a ba su sule ɗaya a kowane aiki a zuba a asusun ƙungiya, sai a 1992 aka daina saboda tsoron tura yara gidajen da ba a sani ba su kaɗai. Ku ɗauki mai kyan ku bar mai haɗarin, a yi aikin a rukuni, da rana, kana tsaye a wurin. Ku yi renon dashen itatuwa a bayan aji, darbejiya da mangwaro da zogale, ku sayar da damina, ku wanke motocin malamai ranar Juma'a, ku tsara wurin ajiye motoci a taron makaranta. A sa ɗan abin da kowane yaro zai riƙa kawowa duk mako kamar adashi, ko naira 100 ce, wanda ba shi da hali a ɗauke masa a asirce ba tare da 'yan uwansa sun sani ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma yaron da ya san da guminsa a cikin tanti ba zai bari a yaga shi ba.

Maganar maiɗakinka, tana da gaskiya kamar yadda ka faɗa da kanka. Ka zauna da ita ku yanke abin da za ka iya bayarwa a wata ba tare da tukunyar gida ta ji ba, ka tsaya a kansa, shi ma ka riƙa rubuta shi a littafin kwamiti a matsayin gudummawa. Muddin kana toshe kowane rami da albashinka a ɓoye babu wanda zai san akwai rami, kuma ranar da aka yi maka canjin makaranta rukunin zai mutu a mako guda.

Saura yaran, na san nan ne ya fi yi maka ciwo. Ka tara su ka faɗa musu gaskiya daidai hankalinsu, cewa an yi mana tayin kuɗi amma da sharaɗin da bai dace da kakinmu ba, na ƙi, kuma sansani yana nan ba fashi sai dai zai zo da sauƙi. Za su yi shiru, wasu za su ɓata rai, ka bar su su ɓata, bayan nan ka raba musu aiki. Kuma ka cika alkawarin Disamba ko da a filin makaranta ne, kwana biyu, da kanofin aro da tabarmi da takardar izinin kowane uba da malamai biyu ko uku masu kwana tare da ku. Ka ba su labarin sansanin sikawut na farko da aka yi a tsibirin Brownsea na Ingila a watan Agusta 1907, yara wajen 20 ne kawai, babu yunifom ko ɗaya, ƙyalle mai launi aka liƙa wa kowa a kafaɗa don a gane rukuninsa, 'ya'yan masu hali suka biya fam ɗaya, sauran suka biya sule uku da sisi. Wanda bai samu kaki ba zuwa lokacin ya zo da farar rigarsa ta makaranta, ku dai ku yi ƙoƙari kowa ya samu ƙyallen wuya, yadi kaɗan zai isa 46 ɗin. In ka gama da firinsifal ka sake rubuto min in ji yadda kuka yi. Allah ya dafa maka.